Kafin ka biya kuɗin mota, duba inda aka harhaɗa ta

Salamu alaikum 'yan uwa. Dillali zai rantse maka cewa Camry ɗin nan 'yar Japan ce, alhali yawancin Camry da ake shigowa da su daga Amurka a jihar Kentucky aka harhaɗa su. Kada ka tsaya musu da shi. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai haruffa da lambobi 17. Na farkon shi ke faɗin ƙasar: J Japan, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, K Koriya, W Jamus.

Sai dai a ganina an cika kambama zancen ƙasar. Inda motar ta yi rayuwa ya fi damuna. Wadda ta sha hanyoyin Kanada, inda ake zuba gishiri saboda ƙanƙara, tsatsa kan cinye ƙasanta ko da fentinta na ƙyalli. Sa bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila.

Wajen kayan gyara kuwa, kai wa mai shago lambar, domin Corolla ta Turai da ta Amurka ba komai nasu ne ke shiga juna ba.