Yadda ake shiga tseren taɓo da tsallake shingaye

A Ingila da Amurka da wasu ƙasashe da dama akwai wani irin tsere da mutane ke biyan kuɗi don su yi gudu cikin laka, su haura katanga, su ja ciki a ƙarƙashin waya mai ƙaya, su tsunduma cikin ruwan ƙanƙara. Wani Bature mai suna Billy Wilson ne ya kafa gasar Tough Guy a 1987 a wata gona kusa da birnin Wolverhampton na Ingila, kuma a tsakiyar hunturu aka riƙa yin ta. A 2010 aka kafa Tough Mudder da Spartan Race a Amurka, su ne suka watsa abin a duniya, kuma a 2020 Spartan ta saye Tough Mudder. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe sukan samu gayyata daga abokan aiki ko na makaranta. Idan an gayyace ka, ina ba ka shawara ka je, amma ka je da shiri.

Fara da zaɓen tseren da ya dace da kai. Spartan gasa ce ta gaske, ana auna lokaci, kuma tana da matakai: Sprint kilomita 5 da shingaye 20, Super kilomita 10 da shingaye 25, Beast kilomita 21 da shingaye 30. An san ta da hukunta wanda ya kasa wuce shinge: ka kwanta ƙirjinka ya taɓa ƙasa, ka miƙe ka yi tsalle, har sau 30, ko kuma a ƙara maka wani zagayen gudu. Tough Mudder ta gama-gari kuwa ba a damu da lokaci ba, ana so a gama tare, kuma kana da damar kewaye duk shingen da ranka bai kwanta da shi ba. Sabon shiga ya ɗauki mafi gajarta. Kilomita 5 a cikin taɓo ba kilomita 5 ba ce a kan kwalta. Ka kuma duba kalanda kafin ka biya kuɗin rajista, kada ranar ta faɗo cikin azumi.

Sai neman abokan tafiya. Mutum uku zuwa biyar sun isa. Akwai shingayen da aka gina su musamman don kada mutum ɗaya ya iya wuce su, kamar wanda ake kira Everest: wata katanga ce mai lanƙwasa, mai santsi, za ka taho a guje ka hau ta, ka miƙa hannu, waɗanda ke sama su cafke ka su ja. In babu mai cafkewa, zamewa za ka yi ta yi.

Horo shi ne inda ya kamata ka daɗe. Ka ba kanka wata biyu zuwa uku. Yawancin masu shiri suna dukufa kan gudu, su manta da hannuwa, alhali hannu ne ke fara gajiya. Igiyar da za ka hau ta jiƙe, mutane ɗaruruwa sun riga sun shafe ta da laka, sandunan da za ka yi lilo a kansu suna santsi, rigarka da takalminka sun sha ruwa sun ƙara maka nauyi. Don haka ka samu ƙarfen da za ka riƙa ratayuwa a jikinsa, ka saki jikinka yana reto har yatsunka su gaza, ka huta, ka sake. Idan ka saba, ka rataya tawul a kan ƙarfen, ka riƙe tawul ɗin maimakon ƙarfen, wannan ya fi kama da riƙon igiya. Daga nan ka fara jan jikinka sama har haɓarka ta wuce sandar. Ka cika bokiti biyu da yashi ko jarka biyu da ruwa, ka riƙa tafiya da su, domin Spartan tana sa mutane ɗaukar bokitin tsakuwa da buhun yashi a hau tudu da su. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ya san irin ƙarfin da ake nufi: na tafin hannu da damtse da gadon baya.

Gudun ma ba irin na miƙaƙƙiyar hanya ake so ba. Ka yi gudun minti biyar, ka tsaya ka yi rarrafe ko tsalle-tsalle na minti ɗaya, ka tashi ka ci gaba. Abin da ke wahalar da mutane a filin shi ne komawa gudu bayan shinge ya ƙwace musu numfashi. Ka nemi ciyawa da tudu da gangare, ka kuma gwada gudu da jiƙaƙƙen takalmi ko sau ɗaya, ka ga inda yake cin ƙafarka.

Game da sutura, ka guji auduga gaba ɗaya, har safa. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta sa maka sanyi, ta goge maka fata. Ka sa kayan wasanni na roba masu kama jiki da saurin bushewa, masu rufe gwiwa da gwiwar hannu saboda jan ciki a kan tsakuwa. Mace za ta iya sa dogon wando da riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabin wasanni wanda ba shi da allura kuma ba ya da jelar da waya za ta kama. Takalmi ya zama mai kaushin ƙasa irin na gudun daji, wanda ka saba da shi, ka ɗaure igiyarsa tamau ka ƙulla sau biyu. A ramin taɓo mai kai wa gwiwa, laka takan tsotse takalmi ta bar mutum da safa. Dabarar ita ce ka taka da yatsu, ka ɗago dunduniya a hankali, kada ka fizga. Zobe da agogo mai tsada da wayar hannu su zauna a jaka. Mai sa ruwan tabarau na cikin ido gara ya cire shi. A jakar ka sa tawul, kayan canji, silifas, sabulu, da babbar leda ta zuba ƙazaman kaya.

Ranar tseren ka ci abinci mara nauyi awa biyu zuwa uku kafin lokacinka, ka isa da wuri da katin shaida. Za a sa ka sa hannu a takardar da ke cewa ka san akwai haɗari, ka karanta ta. Rukuni-rukuni ake sakin mutane, kuma da an saki naku za ka ga wasu sun zura a guje. Ƙyale su. A ƙarƙashin waya mai ƙaya ka manna ƙirji da ƙasa, ka saukar da ƙugu, domin shi waya ta fi kamawa. Wasu sukan mirgina a kaikaice, ya fi sauƙi idan filin ya ba da dama. A katanga, abokinka ya haɗa tafukansa ka taka, ka ɗora ciki a sama, ka juya, ka sauko kana rataye da hannu. Kada ka diro daga sama, nan ake targaɗe da karaya.

Shingaye biyu suna buƙatar ka yi wa kanka gaskiya. Ruwan ƙanƙara yana ɗauke numfashi nan take, sai ka fitar da iska a hankali, ka nutsa, ka fita ba tare da ɓata lokaci ba. Na biyu wayoyin lantarki ne da ake ratayewa a bi ta cikinsu a Tough Mudder, masu kai wa bolt 10,000. Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, ko wanda aka dasa wa na'ura a ƙirji, ya kewaye su. Haka wanda bai iya iyo ba kada ya kusanci ruwa mai zurfi, ko abokai sun yi ta zuga shi. A 2013 wani matashi ya nutse ya rasu a wani shingen tsalle cikin ruwa a jihar West Virginia ta Amurka. Babu wata kunya a kewaye shinge.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne rufe bakinka. Galibin filayen nan gonaki ne da makiyaya, taɓon a cakuɗe yake da kashin dabbobi. A 2012 mutum 22 sun kamu da gudawa bayan wani tsere da aka yi a makiyayar shanu a jihar Nebada ta Amurka, kuma bincike ya danganta abin da haɗiye ruwan laka. A 2015 a kusa da birnin Nis na Faransa kimanin mutum 1,000 ne suka kwanta da amai da gudawa bayan irin wannan tsere. Saboda haka in za ka faɗa rami ka datse leɓe, in laka ta shiga ka tofar, ka kurkure da ruwa mai tsabta a tashar ruwa ta gaba. Kada ka goge ido da hannu. In kana da buɗaɗɗen rauni ka rufe shi da filastar da ruwa ba ya shiga, in babba ne ka haƙura da tseren. Ka tabbata allurar rigakafin tetanus ɗinka ba ta wuce shekara 10 ba.

Idan ka ƙetare layin ƙarshe za a rataya maka lambar yabo ko a ɗaura maka ƙyallen goshi, a wurare da yawa kuma akan miƙa giya kyauta. Ka ce a ba ka ruwa, babu mai ganin laifinka. Kafin ka taɓa abinci ka wanke hannu da sabulu. Ka wanke jiki a wurin feshin ruwa, ka canza kaya nan da nan tun sanyi bai kama ka ba, a gida kuma ka sake wanka sosai, har cikin kunne da ƙarƙashin farce, ka wanke kowace ƙujewa. Ciwon jiki na kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma in ka ga zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje masu ruwa, ko ido ya yi ja yana zafi, ko fitsari ya koma baƙi-baƙi, ka je asibiti, ka faɗa wa likita cewa ka shiga taɓon gona da ranar da ka shiga.