Yadda na haɗa kuɗin na'urar jin ɗiyata

Da na'urar jin ɗiyata ta lalace a tsakiyar hunturu, bayan shekara 4 tana amfani da ita, likitan kunne a Yamai ya ce sai sabuwa, kuma kunnuwa biyu za su ci jika 400 na sefa, alhali abin da ke hannuna bai wuce jika 60 ba.

Na fara da adashinmu na 'yan kasuwar Dole a Damagaram. Kwasata sai wata na bakwai, saboda haka na je wurin uwar adashi na ce: "Hajiya, ki taimaka ki nema mini mai yarda mu yi musanya." Ta buɗe littafinta, ta bi sunaye da yatsa, ta tsaya a kan wata baiwar Allah wadda ba ta cikin gaggawa. Nan na samu jika 150. Ragon da nake kiwo domin Babbar Sallah ma na sayar, duk da asara ce sayar da shi kafin farashi ya tashi. Sauran kuwa 'yan uwa na unguwannin Zango da Birni suka cika, kowa na rubuta sunansa da abin da ya bayar.

Kuskurena shi ne ban lissafa kuɗin mota zuwa Yamai ba, tafiyar kusan kilomita 900, da na batir, da na robar da ake aunawa daidai da kunne, wadda dole a riƙa sauyawa saboda kunnen yaro yana girma. Ƙanena da ke Agadas ne ya rufe wannan giɓin. Yanzu kowace Juma'a ina jefa jika ɗaya a asusu.