Tsohon allon gem: yadda nake sayo shi, da yadda nake tayar da shi

Allon gem shi ne allon lantarkin da ke ɗauke da wasa a cikin injinan wasa masu karɓar tsaba. Na farko da ya shigo hannuna na Snow Bros. ne, wasan da kamfanin Toaplan ya fitar a 1990, wanda Nick da Tom ke lulluɓe dodanni da ƙanƙara su mirgina su har su kwashe na ƙasa. Daren da ya iso ban ko zauna ba. Na zare shi daga leda, na cusa masa soket, na kunna. Na ji wani ɗan ƙauri. Soket ɗin a juye na sa shi, wutar bolt 12 ta bi layin maɓallai ta ƙona aisi guda, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ke kan allon. Da na gyara zaman soket ɗin hoto ya fito tas, kiɗa na tashi, amma Nick ya ƙi harbi, ya ƙi tsalle. Wata biyu na yi kafin in samo madadin aisin nan.

Saboda haka da bakin allon, inda soket ke shiga, za mu fara, ba da wasan ba.

A 1985 ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta tsayar da tsarin baki guda da ake kira JAMMA: haƙora 56, 28 a kowace fuska. Na 1 da na 2 na layin ƙasa ne (ground), na 3 da na 4 bolt 5, na 5 bolt 5 na ragi, na 6 bolt 12. A gurbin na 7 akwai tsaga a jikin allon, kuma ana son a sa wani ɗan tsinken roba a cikin soket daidai wurin don kada ya shiga a juye. Nawa ba shi da tsinken, abin da ya ci ni ke nan. In naka ma babu, sa masa, ko ka ɗiga jan fenti a gefen haƙori na 1, a allon da soket ɗin duka.

Amma fa ba duk mai haƙora 56 ne JAMMA ba, nan ne ramin da sababbin shiga ke afkawa. Ghosts 'n Goblins na Capcom, na 1985, soket ɗin JAMMA zai shige shi lafiya lau, alhali tsarin wayoyinsa daban ne. Bubble Bobble na Taito, na 1986, shi ma nasa tsarin daban, sai da adafta. Donkey Kong na Nintendo, na 1981, ya fi su duka rigima: launukansa a juye suke fitowa, sautinsa sai an haɗa masa amfilifaya a waje, kuma hotonsa a tsaye yake, sai ka kwantar da talabijin a gefe. In yanzu za ka fara, bar waɗannan tukuna. Nemi Snow Bros., ko Rainbow Islands na 1987, ko The NewZealand Story na 1988.

Kafin ka biya, sa mai sayarwa ya turo hoton fuska biyun allon a cikin haske, da ɗan bidiyo yana aiki. "Lafiya yake ranar da na ajiye shi" ba gwaji ba ne, labari ne. A hoton ina duba tsatsa a ƙafafun aisi, da kafasita mai kumburi, da wayoyin da wani ya ɗinka a baya da dalma. Sai tambarin kamfani da lambobinsa a kan takardun da aka manna wa aisin ajiyar wasan. Takardun nan ba ado ba ne: taga ce ta gilashi a ƙarƙashinsu, kuma hasken rana na iya goge abin da ke ciki sannu a hankali. In ɗaya ta ɓare, rufe tagar.

Jabu kuwa sun yi yawa tun a zamanin. Akwai Bobble Bobble, akwai The Winter Bobble. A Bubble Bobble na asali akwai wani aisi na musamman da Taito ta sa, wanda masu kwaikwayo suka kasa kwafa daidai, shi ya sa a jabun dodanni ba sa tafiya yadda aka tsara su. Ni ba na ƙin jabu, ina da guda biyu kuma ina buga su. Abin da na ƙi shi ne a sayar mini da shi da sunan na asali. Ka kuma tambayi batun batir. Wasu allunan Sega System 16 da dukan na Capcom CPS-2 mabuɗin sirrin wasan a kan batir yake rataye. Ranar da batirin ya mutu, wasan ya bi shi. Yanzu ana iya farfaɗo da su, amma aiki ne na daban.

To allo ya iso. Taɓa ƙarfe tukuna don ka sauke wutar da jikinka ya tara, ka riƙe shi ta gefe. Goge haƙoran da magogin fensir har su yi sheƙi, ka bi da sifirit a auduga. Danna kowane aisi mai zama a soket da babban yatsa a hankali, don shekaru kan sa su ɗago. Rabin allunan da aka ce mini sun mutu, datti ne kawai.

Ba sai kana da akwatin gem ba. Wata 'yar na'ura da ake kira supergun ta isa: ita ke haɗa allo da wuta, sanda, lasifika da talabijin. Hoton da allon ke fitarwa na kilohaz 15 ne, wanda yawancin talabijin na zamani ba sa karɓa kai tsaye. Ko dai ka nemo tsohuwar mai ƙeya da ke karɓar RGB, wato hoton da ja, kore da shuɗi ke zuwa a wayoyi daban-daban, ko ka sa na'urar OSSC, mai sauya hoton ya dace da talabijin na zamani, a tsakani. Ni mai ƙeyar na fi so, tsalle yana fita a kan lokaci.

Yanzu mitar auna wuta. Kunna na'urar ba da wuta ita kaɗai, ka saita ta a bolt 5 cif. Kashe, haɗa allon, sake kunnawa, sannan ka auna a jikin allon kansa, a ƙafafun wani aisi da ke nesa da baki, domin wuta na raguwa a hanya. Ka ga 4.7? Murɗa a hankali har ta kai 5.0 ko 5.1, ka tsaya nan. Ƙarancinta na sa hoto ya tarwatse ko wasan ya riƙa komawa farko. Yawanta kisa ne. Duk sanda za ka canza allo, mayar da ita ƙasa, saboda wani allon ya fi wani ci. Hoto ya fito babu sauti? Duba layin bolt 12 da ɗan abin murɗa ƙara da ke jikin allon kafin ka zargi kowa.

Saura 'yan makunnan DIP da ke jikin allon, yawanci jeri biyu, takwas-takwas. Su ke yanke yawan rai, wahalar wasan, makin da ake ƙarin rai, tsaba nawa ke ba da wasa ɗaya, da juya hoto. Ɗauki hotonsu yadda suka zo kafin ka taɓa. Kashe wuta kafin ka sauya, don galibin alluna lokacin tashi kawai suke karanta su. Jadawalin yana cikin littafin mai injin, in kuma babu, manhajar MAME, mai kwaikwayon injinan wasa a kwamfuta, na nuna aikin kowanne. Ɗaya daga cikinsu kan buɗe shafin gwaji, inda za ka daidaita launi ka ga kowane maɓalli na amsawa.

A Snow Bros. akwai makunnin da ke hana mutuwa gaba ɗaya. Da shi nake bi ta matakai 50 ɗin in tabbatar babu dodon da hotonsa ya lalace. Na gama sai in mayar da shi, in bar rai uku da wahala matsakaiciya, in sa allon a ledarsa mai kare wuta, in jingine shi a tsaye a inda laima ba ta kaiwa.