Mashin ɗin kafe ya ƙi yin zahi? Ga inda za ka duba kahin ka sayi sabuwar rezistans

Salamu alaikum ƴan uwa. Mashinan kafe ɗin nan na esfureso sun fara yawa cikin Maradi, a otal-otal da restora har da gidajen wasu alhazai, kuma galibinsu okaziyo ne da anka shigo da su ta Kwatano ko ta Kano. Ciwon da ya hi damunsu guda ne, ka kunna hitila ta kama, pompo na ta gurnani, amma ruwan da ke hitowa sanyi ƙalau kamar na randa. Nan take sai mai mashin ya ce ai rezistans ce, wato ƙarhen da ke zafafa ruwa, ta ƙone a nemo sabuwa, alhali sau da yawa lahiyarta lau, wani ɗan ƙaramin abu ne mai araha ya hana wuta isa gare ta.

Fara daga bango, kar ka kwance komi tukuna. Wutarmu nan Nijar 220 ce, to sa miltimetir, abin auna wuta, a firiz ka ga nawa ke zuwa, don lokacin bazara da kowa ya kunna kilim da banti tana iya sauka ƙwarai, kuma rezistans ba ta da haƙurin wannan, in wuta ta sauko zuwa 170 ƙarhin da take badawa bai wuce kashi 60 cikin 100 ba, sai ka ga mashin na ɗumi-ɗumi amma bai kai ba. Wannan ba lalacewa ba ce. Haka in ka ɗora shi bisa ƙaramin regilater na 1000 ko wata raunanniyar ralonji da ake cajin waya da ita, ƙananan mashinan gida ma suna cin wat 1000 zuwa 1400, manyan na restora masu bakin zuba kafe biyu kuwa sun haura 3000, su layinsu daban suke so daga konter. Sannan ka juya mashin ka karanta ƴar takardar da ke manne ƙasansa. In ka ga 110 ko 120 an rubuta, na Amurka ne, kuma in an riga an soka shi a wutarmu ba tiransifo to sai dai haƙuri, wannan kam akwai abin da ya ƙone ciki.

Sai ruwa. Mashina da yawa an yi su da wayo, in sunka ji tanki ba ruwa ba za su bari rezistans ta kama ba. A wasu akwai wani ɗan abu mai maganaɗisu da ke yawo bisa ruwa cikin tanki, in datti ya maƙale shi a ƙasa mashin zai ɗauka tanki wayam ne ko da ya cika. Ciro tankin, wanke, girgiza ka ji abin na motsi, maida shi ya zauna daram.

Yanzu in za ka buɗe, don Allah zare fishi daga bango, ba kashe maɓalli kaɗai ba, ka buɗe bakin tururi ya huce sarai. Tukunyar tururi, inda ruwa ke dahuwa cikin mashin, tana aiki ne da matsi wajen bar 1 zuwa 1.5, ruwan ciki ya haura digiri 120, ba abin wasa ba ne. Kuma ɗauki hoton wayoyin da salularka kahin ka zare ko guda.

Abin da nike fara nema ciki shi ne tarmosta ta tsaro, abin da ke yanke wuta in zahi ya yi yawa. Ƴar ƙarama ce manne jikin tukunya da wayoyi biyu, a tsakiyarta akwai ɗan maɓalli, galibi ja. In tukunya ta yi zahi hiye da kima, misali an bar ta ba ruwa, sai ta yanke wuta ta zauna haka har sai an danna ta da hannu. Mashin ƙirar Rancilio Silvia na da irinta mai yankewa a digiri 165. Danna, in ka ji ƙas to ka samu ɓarawon. Wasu kuma kamar Gaggia Classic ba su da maɓalli, fizibil na zahi gare su cikin ɗan farin bututun roba kwance bisa tukunya, shi in ya yanke ya yanke kenan sai canji. Sa miltimetir wajen da yake kuka in wuta na iya wucewa, taɓa bakinsa biyu, in bai yi kuka ba ya mutu.

Nan ne nike faɗa da wasu masu gyara. Sai mutum ya ga fizibil ya yanke ya ɗauko guntun waya ya haɗe wurin, mashin ya yi zahi, maigida ya yi murna ya biya. Wallahi wannan ganganci ne, abin nan shi kaɗai ke tsakanin tukunya da gobara in tarmostar aiki, mai kunna rezistans tana kashewa, ta maƙale. Sayi mai lamba daidai da wadda ke rubuce jikin tsohon, kuma kar ka yi masa sudir da dalma don zahin ƙarhen ma na iya kashe sabon, matse shi ake da kos, ɗan ƙarhen da ake haɗa bakin waya da shi. Sannan ka tambayi kanka mi ya sa ya yanke tun farko, in ba haka ba sabon ma bin sawu zai yi.

Daga nan sai tarmostar aiki, wadda ke kunna rezistans tana kashewa. A ƙananan mashina biyu ce, ta kafe da ta tururi, a Gaggia Classic za ka ga 107 da 145 rubuce jikinsu. In mashin na sanyi dole su yi kuka a miltimetir, wadda ta yi shiru ita ce. Manyan mashina kuwa furesosta gare su mai aiki da matsin tururi, buɗe murhinta ka duba bakin kontak, in sun yi baƙi sun cinye to wuta ba ta wucewa. Duba kos ɗin wayoyi ma, wanda ya saki yakan yi zahi ya narkar da robarsa, kuma kar ka yi mamaki in ka tarar da kyankyasai ko ƙurar hunturu sun cika kan kat ɗin lantarki mai sarrafa mashin, wuri mai ɗumi suke so.

Sai yanzu munka zo ga rezistans. Zare wayoyinta, sa miltimetir a om, auna bakinta biyu. Lissahin mai sauƙi ne, bolt sau bolt a raba da wat, wato mai wat 1200 da anka rubuta bolt 230 jikinta za ta ba ka wajen om 44, mai 1000 wajen 53. In ka samu kusa da haka ƙyale ta, lahiya take. In allo ya nuna OL ko 1 shi kaɗai, ta yanke ciki. Ƙara auna tsakanin bakinta guda da jikin tukunya, nan kam bai kamata ka ga komi ba, in akwai haɗi to ta tsage ruwa na taɓa wuta, irinta ce ke sa disjonkter faɗuwa da ka kunna, kuma tana iya jan mutum.

Akwai wata da ke ruɗa mutane a manyan mashina, sandar auna ruwa da ke shiga tukunya ta sama da waya guda. Da wuta take jin ruwa, to in farin kalker, daskararren gishirin da ruwa ke bari, ya lulluɓe ta ba ta ji, sai pompo ya yi ta cikawa kat ɗin kuma ya hana zahi. Kwance ta, goge da soson ƙarhe mai laushi, maida ta daidai tsawon da ka same ta. Masu zuba ruwan batir wai don gudun kalker su ma haka ke samunsu, ruwan da ba gishirin komi cikinsa sandar ba ta ganinsa. Kalker ɗin nan kuma shi ke cin rezistans a hankali, musamman ga masu ruwan foraji, don haka a riƙa wanke tukunya da maganin da anka yi don mashin kafe, banda binegir.

In ka tabbata rezistans ce, tahi da tsohuwar a hannu ko babbar kasuwa ko wajen mai zuwa Kano, a dubi wat da bolt da girman zaren, ka haɗo da sabon juwan, zoben da ke hana yoyo, don tsohon ba ya sake riƙe ruwa. Bayan ka ɗaura, buɗe bakin tururi ko na ruwa ka sa pompo ya cika tukunya har ruwa ya hito kahin ka bari ta ɗau zahi, rezistans ba ruwa cikin ƙanƙanin lokaci take ƙonewa. In kuma duk waɗannan sun auna daidai, saura rele, mai ba rezistans wuta, ko kat ɗin kansa, wannan kai ma mai gyaran lantarki da ya san aikin kat.