Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba: Gwaji da 27,720

A ce manoman shinkafa a fadamar Argungu za su haɗa Naira 27,720 na man injin ban ruwa, kowa ya ba da daidai da ɗan'uwansa. Ko su biyu ne, ko bakwai, ko goma sha biyu, kuɗin zai rabu babu saura. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 12, shi ya sa ta dace da koyon feɗe lamba, wato gano ƙananan lambobin da aka ninka aka same ta, musamman ga mai shirin WAEC ko JAMB inda lokaci ke da tsada.

Kafin ka taɓa kalkuleta, dubi wutsiyarta. Ta ƙare da sifili, ke nan cika ce ba mara ba, kuma 5 da 10 sun shige ta. Lambobi uku na ƙarshe, 720, sun rabu da 8, don haka ita ma ta rabu. Tara lambobinta: 2+7+7+2+0 = 18. Tunda 9 ya raba 18, to 3 da 9 sun wuce.

Bakwai ce ke wahalar da ɗalibai. Yanke lambar gida biyu, ka ware lambobi uku na ƙarshe daga dama, 27 da 720, ka debe ƙarami daga babba: 693. Duk abin da ya raba 693 cikin 7, 11 da 13 zai raba uwar lambar. Dalili kuwa, 7×11×13 = 1,001. Nan 693 = 7×99, kuma 11×63 ne, amma 13 bai shiga ba.

Sai fiɗar kanta. Raba da 2 har sai ta ƙi: 13,860, sai 6,930, sai 3,465. Sau uku ke nan. Koma kan 3: 1,155, sai 385. Da 5 ka samu 77, wato 7×11. Abin da ya rage a hannunka lambobi ne da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, waɗanda ake kira firam: 2×2×2×3×3×5×7×11. Ninka su ka gani ko sun mayar da kai 27,720; in ba su mayar ba, ka tsallake rabawa ɗaya.

Daga nan lissafin yawan lambobin da ke raba ta ya zo da sauƙi. Ƙara 1 a kan yawan fitowar kowace firam, ka ninka: 4×3×2×2×2 = 96. Masu mantawa da ƙarin nan na 1 sukan samu 6, alhali ƙarin yana wakiltar rashin ɗaukar wannan firam ɗin ne gaba ɗaya.

Jimillar waɗannan 96 ita ce 15×13×6×8×12 = 112,320, inda 15 ta fito daga 1+2+4+8, 13 kuma daga 1+3+9. Cire lambar kanta, saura 84,600, wanda ya zarce 27,720 nesa ba kusa ba. Irin wannan ana sa ta cikin lambobi masu yalwa. Da ya zo daidai da ita, kamar 6 da 28, da an kira ta cikakkiya.

Kuskure ɗaya da ke yawan faruwa: ganin 2 da 8 sun raba ta, sai a ɗauka 16 ma zai raba. Ba zai raba ba, amsar 1,732 ce da saura 8, domin 2 uku kacal ke cikinta, 16 kuwa huɗu yake nema. Ana haɗa masu rabawa biyu ne kawai idan ba su yi tarayya a wata firam ba, kamar 8 da 9 da suka ba da 72.