Hawan duwatsun Suwizalan: shawara ga Katsinawa da Daurawa sababbin zuwa

'Yan uwa, kafin ku fara yawon buɗe ido ku nemi katin Halbtax. Na shekara ɗaya ne, yana rage rabin kuɗin jirgin ƙasa da jirgin ruwa da yawancin jiragen hawa dutse. Tikiti kuma a yanka a manhajar SBB (kamfanin jirgin ƙasa na Suwizalan) tun kafin a shiga, don mai duba tikiti ba ruwansa da baƙunta, tara kawai zai rubuta.

Kada a fara da Jungfraujoch, wani wuri can saman duwatsu da jirgi ke kaiwa, don kawai shi ake gani a hotuna. Tasharsa tana kan mita 3,454, Katsina kuwa mita 500 ce da 'yan kai. A can sama iskar shaƙa ta yi ƙaranci, sai ciwon kai da jiri da haki, musamman ga wanda jirgi ya haura da shi cikin sa'a biyu. Dutsen Rigi ya fi dacewa da sabon shiga: jirgin ruwa daga Luzan zuwa Vitznau, sannan jirgin dutse da ke aiki tun 1871, ƙololuwar ba ta kai mita 1,800 ba.

Mai sikila kada ya hau sai da izinin likita. Ko mai AS, da yake ganin lafiyarsa lau, saifarsa na iya toshewa a wuri mai tsayi sosai. In ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, a sauko nan take a nufi asibiti.

Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Rigar sanyin da ke isar mutum a hunturun Daura ba ta yin komai a nan. A sa riga uku, ta waje mai tare iska, da takalmi mai kama ƙasa, da baƙin tabarau, don hasken ƙanƙara na ƙona ido. A duba kyamarar tasha a intanet da safe. In hazo ya rufe, kuɗin ya tafi a banza.

Alamar hanya ruwan ɗorawa ta kowa ce. Fari da ja da fari kuwa hanyar dutse ce, ba ta yara ba. A riƙe lokacin jirgin ƙarshe, wasu tun yamma suke rufewa. Lambar ceto 1414.

A tafi da guzuri: tsiran naman gidajen abincin sama yawanci na alade ne, fondue (narkakken cuku) kuma da giya ake haɗa shi.