Kurakuran da ake yi idan saitin RAM ya koma na asali da kansa

Na gaji da ganin sababbin masu gyara suna shiga BIOS (shafin saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi), su kunna XMP (saitin da ke sa RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ya yi cikakken gudunsa), su latsa F10 don adana saitin, su ce aiki ya kammala, washegari kuma RAM nau'in DDR4 da aka saya don gudun 3200 ya sake sauka zuwa 2133. Maimaita kunnawa ba magani ba ne, sai an gano abin da ke goge saitin.

Kuskuren da ya fi jawo mini asara shi ne raina batirin CR2032 da ke kan babban allo (motherboard), wanda ke riƙe saitin BIOS da agogo idan babu wuta. A wani ofis na taɓa zargin RAM na kwamfutoci uku, na sa aka sayo sabo, matsalar ba ta gusa ba. Ashe ma'aikata suna kashe soket idan za su tashi, kuma muddin wuta na shiga, mataccen batir ba ya nuna kansa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne alamar tana gabana: agogon kwamfutocin ya karkace, har sabar (babbar kwamfutar da ke kula da sauran) ta ƙi karɓar masu shiga, domin Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yarda da bambancin agogo da ya wuce minti 5. Wanda ya ga agogo ya ɓata amma ya ci gaba da cire RAM yana mayarwa, sakaci ya yi. Ni yanzu kwamfutar da ta haura shekara biyar, sauya batirinta nake fara yi.

Na biyu shi ne mantawa cewa kwamfutar tana kan hanyar sadarwa. Sabon BIOS yakan zo ta Windows Update ko ta hannun mai kula da sabar, kuma sau da yawa yakan mayar da komai na asali. Shi ya sa nake rubuta lambar BIOS a takarda in manna a cikin murfi, in kwatanta duk ranar da aka kira ni. Idan kuwa saitin cikin Windows ne ke sauyawa, a duba dokokin da sabar ke turowa kusan kowane minti 90.

Haɗa RAM na kamfanoni daban, ko cika ramuka huɗu, yakan sa babban allo ya kasa tashi ya koma gudun JEDEC, wato gudun asali na RAM. A rage gudun kaɗan. Idan RAM guda biyu ne, yawancin alluna ramukan A2 da B2 suke so. Bayan kowane gyara nakan bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ya kwana yana aiki kafin in miƙa kwamfutar.